Alkama Da Zafin Bazara: Yadda Jinkirin Makonni Uku Ke Cinye Girbin Manoman Arewa

A ranar 25 ga Nuwamban 2023, Ministan Noma da Samar da Abinci, Sanata Abubakar Kyari, ya ƙaddamar da shirin noman alkama na rani a yankin Haɗeja da ke Jihar Jigawa. Alkawarin gwamnatin tarayya shi ne za ta ɗauki nauyin rabin kuɗin iri da taki da magani, daga cikin rancen dala miliyan 134 da Bankin Raya Ƙasashen Afirka ya amince wa Najeriya a 2022. An yi jawabai a kan rage dogaro da alkamar waje, an yi lissafin kadada da tan. Abin da bai samu irin wannan kulawa ba shi ne kwanan watan kansa. Masanan aikin gona a Najeriya sun daɗe da tsayar da lokacin shuka alkama a Arewa tsakanin tsakiyar Nuwamba da tsakiyar Disamba. Ke nan a ranar da aka yi bikin, kwana goma sun riga sun wuce, saura kwana ashirin a tantance manoma, a kai kaya jihohi, manomi ya nemo rabin kuɗinsa, ya karɓa, ya gyara ƙasa, ya shuka.

Ga wanda bai san alkama ba, jinkirin mako biyu ko uku ba wani abin tayar da hankali ba ne. Ga alkama kuwa, shi ne bambancin zangarniyar da ta cika da wadda ta fito fayau babu tsaba. Dalilin yana cikin yadda shukar ke haihuwa, da kuma 'yan kwanakin da ba ta iya jure zafi a cikinsu ko da ruwa na kwance a gindinta.

Shukar da ke aron sanyi

Alkama ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa da Barno. Sunanta ma daga Larabci ya zo, alamar hanyar da ta biyo ta hamada, kuma tun kafin zuwan Turawa ake noma ta a fadamu da bakin Tafkin Chadi, ana ba ta ruwa da jigo. Da ita ake yin alkaki da funkaso da gurasa da taliyar hannu. A lambunan duwatsun Azbin na Jamhuriyar Nijar har yau ana shuka ta idan sanyi ya shigo. Sai dai duk daɗewarta, asalinta shukar ƙasashen sanyi ce, kuma zamanta a nan zaman aro ne: tana rayuwa ne a cikin watanni ukun da hunturu ke saukar da zafi, daga Disamba zuwa Fabrairu.

Yanayin Kano ya isa misali. A watan Janairu zafin rana kan tsaya ne kusa da digiri 30 a ma'aunin Salsiyos, da dare kuma ya sauka zuwa wajen 13. A Fabrairu rana na kaiwa wajen 33. Da Maris ya kama, 36 zuwa 37 ya zama abin yau da kullum, dare ma ya daina sanyi. Nau'o'in alkamar da ake shukawa a Kadawa da Kura da kwarin Haɗeja kan yi huda bayan kimanin wata biyu da shuka, su nuna cikin wata uku ko ɗoriya kaɗan. Wanda ya shuka ranar 20 ga Nuwamba, alkamarsa za ta yi huda a tsakiyar sanyin Janairu, ta cika ƙwaya a Fabrairu. Wanda ya kai ƙarshen Disamba ko farkon Janairu bai shuka ba, tasa za ta yi huda ne daidai lokacin da hunturu ke tattara kayansa, ta kuma yi ƙoƙarin cika ƙwaya a cikin zafin Maris. Gona ɗaya, iri ɗaya, taki ɗaya, amma girbi daban.

Abin da ke faruwa a cikin zangarniya

Amfanin gonar alkama lissafi ne na abu biyu: yawan ƙwayoyin da aka samu, da nauyin kowace ƙwaya. Zafi na taɓa duka biyun, amma a lokuta daban-daban, kuma ɓarnar farko ita ce wadda ba ta da gyara.

Alkama kanta take yi wa barbara. A cikin kowane ɗan furen da ke jikin zangarniya akwai mahaifa guda da jakunkuna uku na bununi, wato garin nan da manoman gero da dawa suka sani, wanda in bai sauka ba tsaba ba ta ƙulluwa. Wannan bununi ba ranar huda ake yin sa ba. Ana fara gina shi ne tun shukar tana da ciki, zangarniya na naɗe a cikin ganyen ƙarshe, kwana goma ko fiye kafin a ga fure. A wannan lokaci ƙwayoyin halittar da za su zama bununi ke rarrabuwa, kuma akwai wani siririn shimfiɗi a bangon jakar da ke ciyar da su. Idan zafi ya yi yawa, shimfiɗin nan yakan lalace kafin lokacinsa. Bununin zai fito, amma a motse, babu sitacin da zai ba shi ƙarfin tsirowa.

Tun a 1982 wasu masu bincike biyu a Ostireliya, Saini da Aspinall, suka nuna cewa ajiye alkama a zafin digiri 30 na kwana uku kacal a daidai wannan gaɓa ya isa ya zubar da kaso mai yawa na ƙwayoyin da za a samu. Ayyukan da suka biyo baya sun nuna cewa ba ɓangaren namiji kaɗai abin ke shafa ba. Mahaifar ma takan fito da naƙasa, ta yadda ko an kawo mata lafiyayyen bununi ba za ta ɗauka ba. A 2014, Prasad da Djanaguiraman na Jami'ar Jihar Kansas a Amurka sun ƙara tsaurara ma'aunin. Sun gano lokuta biyu da shukar ta fi rauni: kwana takwas zuwa shida kafin huda, da kuma kwana biyun ƙarshe zuwa ranar hudar. Sun kuma nuna cewa da zarar matsakaicin zafin yini, wato an haɗa dare da rana, ya haura digiri 24, yawan furannin da ke ƙulla tsaba sai ya fara raguwa, har ya kusa kaiwa babu a wajen digiri 35.

Ranar hudar kanta gajeriya ce. Bununin alkama ba ya wuce mintoci yana da rai bayan ya bar jakarsa. Dole ya faɗa kan bakin mahaifa, ya tsiro, ya miƙa wani siririn bututu zuwa ciki. Iska mai zafi da bushewa na busar da shi kafin ya kai, ko ta tsayar da bututun a hanya. Zangarniya ɗaya takan gama huda cikin kwana uku zuwa biyar, gona baki ɗaya kuma cikin mako guda ko kwana goma. Idan zafi ya faɗo a wannan mako, shi ke nan. Alkama ba ta sake yin wani fure, ba kamar tumatir ko wake da ke ta huda suna maye gurbin abin da ya zube ba.

A nan ne abin ya fi ruɗar manomi. Gonar da zafi ya kashe wa bununi ba ta nuna alamar ciwo. Ganye kore shar, kara tsaye, zangarniya ta fito da tsawonta. Sai an zo sussuka ne za a ga ƙaiƙayi ya fi tsaba. Shi ya sa a yawancin lokuta laifin ke faɗawa kan dillalin iri, ko a ce takin na jabu ne, ko a ce tsuntsaye. Waɗannan duk matsaloli ne na gaske a karkara, amma suna ɓoye wata asarar da ta auku makonni shida kafin girbi, cikin kwanakin da babu wanda ya rubuta zafinsu.

Ƙwayar da ba ta cika ba

Idan alkama ta tsallake huda lafiya, sauran aiki shi ne cika ƙwaya. Kusan kashi 70 cikin ɗari na nauyin ƙwayar alkama sitaci ne, kuma shukar na ƙera shi daga sukarin da ganye ke turowa. Akwai wani sinadari a cikin ƙwayar da ke wannan juyi, wanda bincike ya nuna yana daga cikin mafi saurin raunana idan zafi ya tashi. A lokaci guda zafi na gaggauta tsufan ganye, musamman ganyen ƙarshe da ke ƙarƙashin zangarniya, wanda shi ne babban mai ciyar da ita. Shukar sai ta yi sauri ta nuna. Manomi zai ga alkamarsa ta yi ja kafin lokaci, amma ƙwayar ƙanana ce, a ƙanjame.

David Lobell na Jami'ar Stanford da abokan aikinsa sun auna wannan a arewacin Indiya ta hanyar hotunan tauraron ɗan Adam na shekara tara. Sakamakon da suka fitar a 2012 ya nuna cewa kwanakin da zafi ya wuce digiri 34 na gajarta rayuwar gona fiye da yadda manhajojin hasashen amfanin gona suke ƙiyastawa a lokacin. Digiri 34 kuwa, a kwarin Haɗeja, zafi ne da ake wucewa kusan kowace rana a watan Maris.

Dare ma yana da nasa rabon. Da dare shuka ba ta haɗa abinci, sai dai ta ci daga abin da ta tara da rana, kuma gwargwadon ɗumin dare gwargwadon cin. Gwaje-gwaje a Ajantina da nazarin gonakin kwarin Yaki na Meziko sun nuna asara mai yawa daga ƙarin digiri ɗaya kacal na ɗumin dare. Wannan na da muhimmanci ga Arewa, domin babban abin da hunturu ke ba alkama shi ne darare masu sanyi, ba sanyin rana ba.

Akwai kuma batun inganci, wanda shi ne ke yanke farashi a ƙofar kamfanin fulawa. Ƙwayar da ta ƙanjame ɓawonta ya fi garinta, don haka fulawar da ake samu daga buhu ɗaya takan ragu. Zafin da ya wuce digiri 35 lokacin cika ƙwaya kuma yakan sauya daidaiton sinadaran da ke ba ƙullu danƙo, burodi ya ƙi tashi yadda ake so. Manomin da ya makara ke nan yana asara sau biyu: buhunansa kaɗan ne, kuma mai saye na da hujjar karya musu daraja.

A 2015 wani babban nazari da Senthold Asseng ya jagoranta, wanda ya haɗa manhajojin hasashe 30, ya ƙiyasta cewa kowane ƙarin digiri ɗaya a zafin duniya zai rage alkamar da ake samu da kimanin kashi 6 cikin ɗari. Wani nazarin na 2017 da ya bi hanyoyi daban-daban ya iso kusan adadi ɗaya. Wannan matsakaici ne na duniya baki ɗaya, har da ƙasashe irin su Kanada da Rasha inda ɗumi kan taimaka a wasu wurare. Yankunan da suke noma a bakin iyakar abin da shukar ke iya ɗauka, irin su Sudan da arewacin Najeriya, asararsu ta fi haka.

Darasin Indiya

Abin da ɗakunan gwaji suka nuna ya bayyana a fili a Indiya a 2022. A farkon shekarar gwamnati na hasashen girbin da ba a taɓa yi ba, sama da tan miliyan 111. Yaƙin Rasha da Yukren ya tayar da farashin alkama a duniya, kuma a watan Afrilu Firaminista Narendra Modi yana maganar cewa ƙasarsa a shirye take ta ciyar da duniya. Amma watan Maris na shekarar shi ne mafi zafi tun da aka fara ajiye bayanai a ƙasar a 1901, kuma ya riski alkamar Punjab da Haryana da Uttar Pradesh tana tsakiyar cika ƙwaya. Ƙwaya ta motse. Abin da gwamnati ta iya saye don rumbunanta ya faɗo daga kimanin tan miliyan 43 a shekarar da ta gabata zuwa ƙasa da miliyan 20, ko da yake tsadar kasuwa ma ta ja wasu manoma zuwa ga 'yan kasuwa. A ranar 13 ga Mayu Indiya ta haramta fitar da alkama. Ƙungiyar masana da ke bin diddigin alaƙar irin waɗannan masifu da sauyin yanayi ta ce ɗumamar duniya ta ninka yiwuwar aukuwar wannan zafi kusan sau 30.

Ga Najeriya, wadda ke sayo kusan duk alkamar da take ci, ma'anar wannan ita ce zafi na iya cizon ta ta fuska biyu a shekara ɗaya: a gonakin Jigawa, da kuma a tashar jiragen ruwan Legas.

Wa ke jawo jinkirin?

Ba lalaci ke sa manomin Arewa makara ba. A manyan wuraren noman rani, irin su aikin ban-ruwa na Kogin Kano da madatsar Tiga ke ciyarwa, gonar da za a shuka alkama ita ce dai aka noma shinkafar damina a cikinta. Idan shinkafa ba ta tashi ba sai ƙarshen Nuwamba, sai a yanke, a kwashe, ƙasa ta sha iska, a yi haro, kafin a zo maganar shuka. Sakin ruwa a magudanu yana hannun hukuma, ba hannun manomi ba. Sannan ga jiran tallafi. Wanda aka yi wa alkawarin iri da taki a rabin kuɗi ba zai je kasuwa ya saya da cikakken kuɗi ba; zai jira, kuma kowace ranar jira tana tura hudar alkamarsa kusa da bazara. Ta haka tallafin da ya zo a makare zai iya zama mafi cutarwa fiye da rashin tallafin, domin ya hana manomi yin abin da zai yi da kansa a kan lokaci. A farkon 2024 ministan da kansa ya amince cewa zagayen farko na shirin ya gamu da matsalar tantance manoma da kuma masu karɓar kaya su mayar wa dillalai. An yi ta magana a kan wannan almundahana, kuma ta cancanci magana. Asarar da kalanda ta jawo ba ta samu mai ƙirga ta ba.

Lokacin noman na 2023 zuwa 2024 kuwa bai yi wa masu makara sassauci ba. A tsakiyar Fabrairun 2024 Hukumar Kula da Yanayi ta Najeriya, NiMet, ta yi gargaɗin cewa zafi ya kai digiri 41 a wasu sassan Arewa. Duk alkamar da aka shuka bayan tsakiyar Disamba tana daf da huda ko tana cikinta a wannan lokaci. Daga bisani Hukumar Yanayi ta Duniya ta tabbatar da 2024 a matsayin shekara mafi zafi da aka taɓa aunawa.

Makamin da manomi ke da shi a hannu idan zafi ya taso shi ne ruwa. Alkamar da ta sha ruwa sosai tana fitar da tururi ta ganye, kuma a busasshiyar iska irin ta Arewa wannan na iya sa gonar ta fi iskar da ke kewaye da ita sanyi da digiri da dama. Shi ya sa malaman gona ke nanata cewa kada a bar alkama da ƙishi lokacin ciki da huda. To amma dubban manoma a fadamun Jigawa da Kebbi da Yobe da injin fetur suke jan ruwa. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 kafin cire tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023 ta haura naira 600 cikin wata biyu, ta wuce naira 1,000 kafin ƙarshen 2024. Manomin da kuɗinsa ya ƙare yakan tsawaita kwanakin da ke tsakanin ban-ruwa, kuma kuɗin kan ƙare ne a rabin ƙarshe na noman, daidai lokacin da shukar ta fi buƙata. Shirin tallafin ya tsaya a kan iri da taki da magani. Kuɗin jan ruwa, wanda shi ne garkuwar shukar, yana wuyan manomi.

Iri mai jure zafi, da iyakarsa

Amsar da jami'ai suka fi bayarwa idan aka tayar da wannan batu ita ce an samar da iri mai jure zafi. Akwai gaskiya a ciki. Cibiyar Binciken Tafkin Chadi da ke Maiduguri, wadda ita ce ke da alhakin binciken alkama a ƙasar, ta yi aiki da cibiyoyin duniya na ICARDA da CIMMYT wajen fitar da nau'o'i irin su Atilla da Norman da Reyna-28, waɗanda suka ɗaga abin da ake iya samu a kadada ɗaya sama da na tsoffin iri. Wani ɓangare na ilimin da ke bayan wannan ya fito ne daga Sudan. Yankin Jazira, wanda ke da ɗimbin Hausawa jikokin mahajjatan da suka yada zango a can, yana daga cikin wuraren noman alkama mafi zafi a duniya, kuma tashar bincike ta Wad Madani ta kasance wurin da masu kiwon iri daga ƙasashe da dama ke kai nau'o'insu don a gwada su a zafi na gaske. Daga can aka san irin Imam, kuma a can masana daga Jami'ar Tottori ta Japan suka yi ta gwada alkamar da aka haɗa da danginta na daji. A Disamban 2023 dakarun RSF suka kama Wad Madani, suka riƙe ta har zuwa Janairun 2025, aikin bincike ya tsaya, aka kuma yi wa cibiyar ɓarna. Yaƙin Sudan ya taɓa noman alkamar Afirka ta Yamma ta hanyar da ba a cika lura da ita ba.

Sai dai kalmar jure zafi na buƙatar a fahimce ta yadda take. Wasu daga cikin waɗannan nau'o'i guje wa zafin suke yi, ta hanyar saurin nuna. Idan an shuka su a makare, fa'idar ta tafi. Wasu suna riƙe koren ganye na tsawon lokaci, ko suna da saiwa mai zurfi da ke taimaka musu sanyaya kansu, wanda shi ma sai da ruwa. Abin da kiwon iri ke iya yi shi ne ya matsar da iyakar juriya da digiri ɗaya ko biyu. Babu irin alkamar da bununinta ke ƙulla tsaba yadda ya kamata a zafin tsakar ranar Afrilu a Haɗeja. Kuma ko nagartaccen irin ma, yawancin ƙananan manoma ba shi suke shukawa ba. Abin da suka ajiye daga girbin bara ne, ko wanda suka auno a kasuwa, gauraye.

An gwada wata dabara ta daban, wato a bi sanyi inda yake. A Nuwamban 2021 Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar da noman alkamar damina a Kwall da ke Jihar Filato, da fatan tsaunukan Jos da Mambila za su ba da girbi na biyu a shekara. Tunanin na da tushe, amma damina na zuwa da cututtukan ganye da laima ke haifarwa, kuma filin da ke da irin wannan tsayi kaɗan ne idan aka kwatanta da buƙatar ƙasar.

Alƙaluma da wanda ke biyan asara

Wannan ba shi ne karon farko da Najeriya ta yi yunƙurin ciyar da kanta da alkama ba. A 1985 Gunilla Andrae da Björn Beckman sun wallafa littafinsu kan yadda ƙasar ta faɗa tarkon burodi, inda suka nuna tsadar noman alkama a manyan ayyukan ban-ruwa na Kano da Bakolori da kudancin Tafkin Chadi. A Janairun 1987 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta haramta shigo da alkama. Noma ya ƙaru, fasa-ƙwauri ma ya ƙaru, kuma aka janye haramcin a 1992. Shekaru da dama bayan haka jami'ai suna ambaton ɗaruruwan dubban tan a matsayin abin da ake nomawa. Da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta shiga gonaki ta auna a 2021, abin da ta samu bai kai tan 37,000 ba, Kano ce kan gaba, Jigawa na biye. Babban Bankin ya ce ƙasar na buƙatar tan miliyan biyar zuwa shida a shekara, tana kuma kashe kimanin dala biliyan biyu wajen shigo da ita.

Har yanzu ma'aunin nasarar shirye-shiryen gwamnati shi ne yawan kadadar da aka ware da yawan manoman da suka karɓi kaya. Kadada dubu arba'in da aka shuka a Nuwamba da kadada dubu arba'in da aka shuka a Janairu abu ɗaya ne a takardar rahoto. Da ana wallafa ranar da kaya suka isa kowace cibiyar rabo, da ranar da aka saki ruwa, da ranar da aka shuka, tare da abin da aka girbe a kowace ƙaramar hukuma, da kowa zai iya ganin nawa jinkiri ke ci. Bayani ne da ba ya buƙatar rancen waje kafin a tattara shi. Haka nan hasashen NiMet, wanda ke fitowa a kai a kai, ba kasafai ake juya shi zuwa saƙon da manomin alkama zai yi aiki da shi ba, wato a gaya masa ta rediyo cewa zafi na tafe cikin kwana uku, wanda alkamarsa ke da ciki ya yi ban-ruwa yau.

Asarar kuwa ba a raba ta daidai. Dillalin da ya kawo kaya a makare an biya shi. Kamfanonin fulawa na da alkamar waje, kuma a Yulin 2024 gwamnati ta sanar da dakatar da harajin shigo da ita na kwana 150, watanni kaɗan bayan manoman gida sun girbe tasu. Inshorar amfanin gona da ake da ita ta fi sanin ambaliya da fari da gobara, abubuwan da jami'i zai zo ya gani da ido ya ɗauki hoto. Zangarniyar da ta tsaya kore babu tsaba a ciki ba ta da hoton da za a haɗa da takardar neman diyya. A wasu ƙasashe ana ɗaura irin wannan inshora a kan ma'aunin zafi na tashar yanayi mafi kusa, a biya manomi da zarar zafi ya wuce wani adadi a makon huda, ba tare da an jira girbi ba. Yin haka a Arewa na buƙatar tashoshin auna yanayi a cikin wuraren noman kansu, a Kadawa da Auyo da Talata Mafara, alhali yawancin waɗanda ake dogaro da su suna filayen jiragen sama na manyan birane.

Manomin da ya ci bashin rabin kuɗin kaya, ya sayi fetur na wata uku, ya girbe buhu goma sha biyar a inda ya sa ran talatin, yana da lissafinsa. A shekara mai zuwa zai shuka shinkafar rani, ko masara, ko albasa, waɗanda ba sa neman sanyin Janairu, kuma sunansa zai ci gaba da zama a jerin manoman alkama na ma'aikata.